Fuskar motar alfarma: wa ya fi iya ragar gaba, Marsandi, BMW, Lexus ko Audi?

Ɗan Gwammaja ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun makon jiya, kuma na san a nan akwai waɗanda suka fi ni sanin mota nesa ba kusa ba.

Shekara shida ke nan ina hawa Marsandi C300 ƙirar 2010, irin wadda tauraronta yake zaune a tsakiyar ragar gaba, ba mai tsaye a kan bonet ba. Iyali sun ƙaru, layinmu kuma da damina sai mota mai tsayi, shi ya sa na yanke shawarar in sayar da ita in cika kuɗi in ɗauki jif. Yayana ya kafe a kan Lexus RX 350 ƙirar 2016. Hujjarsa ba ta da makusa: inji ne na gidan Toyota, kowane bakanike ya san shi, kayan gyaranta ga su nan a Kofar Ruwa, kuma ranar da ka tashi sayarwa ba za ta kwana a hannunka ba.

Ranar Asabar muka je wajen wani dillali muka gan ta. Baƙa ce, F Sport, wato zubinta mai raga irin saƙa. Ciki kam sai hamdala, kujeru, sanyin esi, shirun inji, komai ya yi. Amma da na fito na tsaya a gabanta, taku uku tsakanina da ita, sai zuciyata ta ƙi. Ragar ta taso tun daga leɓen bonet, ta tsuke a wajen tambari, sannan ta baje har ƙasa, ta cinye bambar gaba ɗaya, lambar motar tana maƙale a tsakiyarta kamar ba a shirya mata wuri ba. Sau uku ina zagayawa ina dawowa. Yaya yana ta cewa, "Kai da za ka zauna a ciki, ina ruwanka da fuskarta?" Ni kuwa da ruwana. Kullum in na dawo daga sallar asuba fuskar motata nake fara cin karo da ita a ƙofar gida, kuma shekara shida ban taɓa gajiya da kallon ta C300 ba. Sanduna ne a kwance, tauraro a tsakiya, ƙasa kuma bamba da wata 'yar ƙofar iska. Kowane abu yana da iyakarsa.

A gefen Lexus ɗin akwai BMW X5 da wata Audi Q7, na tsaya na ƙare musu kallo su ma. Sai na ga kamar kowane kamfani yanzu gasar faɗin baki yake yi.

To tambayata: a ganinku cikin waɗannan manyan gidaje wa ya fi iya zana fuskar mota, kuma me ya sa? Sannan wannan girman raga yana da amfani ga sanyaya inji a zafinmu na watan Afrilu, ko ado ne kawai? Dillalin ya kuma ba ni shawarar in sayi ta 2012 mai sauƙin kuɗi, wai in na ga dama daga baya a sauya mata fuska ta koma ta zamani. Shi ma ina son jin ta bakin masu sana'ar.

Mai Wankin Mota ya rubuta:

Wa alaikumus salam Yallaɓai. Ni ban san tarihi ba, amma shekara goma sha ɗaya ina durƙusawa gaban motocin nan da buroshi da tsumma, don haka bari in faɗa maka abin da hannuna ya sani.

Ka koma wajen dillalin nan da tocila, ka haska cikin ragar Lexus ɗin. Za ka ga ba duka ramukan ne a buɗe ba. Da yawa daga cikinsu, musamman na gefe da waɗanda suke daidai da ƙarfen bamba na ciki, a toshe suke da baƙar roba. Zanen rami ne kawai, iska ba ta bi. Haka Audi ma. Daga nesa ka ga ƙaton baki, in ka matso ka sa yatsa sai ka ji bango.

Wajen wanki kuwa, F Sport ita ce ta fi cin lokaci. Da hunturu ƙura takan kwanta a kowane lungu na saƙar, ruwan injin feshi ba ya fitar da ita duka, sai mun bi rami rami da ƙaramin buroshi. In mai motar ya yi tafiyar dare bayan damina, fara da ƙwari duk a ciki suke maƙalewa. Marsandi mai sanduna a kwance, shafa biyu ka gama. BMW kuma sabbin, a bayan sandunan akwai wasu marufai da suke buɗewa da rufewa da kansu, kullum ina gargaɗin yarana kada su cusa sanda ko su matsa musu ruwa da ƙarfi.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne baƙar roba mai sheƙi da ake yayi yanzu. Ranar da ta fito daga kamfani kamar madubi take. Bayan wata shida a ƙurar Kano, in aka samu yaron da ya goge ta da busasshen tsumma, shi ke nan ta yi zane-zane, ba ta komawa. Farin ƙarfe mai ƙyalli na tsofaffin Marsandi ya fi ta jure wahala. In don tsufa da mutunci ne, ni na ba Marsandi.

Masoyin Bimma ya rubuta:

Malam Ɗan Gwammaja, ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ni a wurina babu fuskar da ta kai ta BMW, kuma zan faɗi dalili, zan kuma faɗi inda suka ɓata mini rai.

Ƙodojin nan biyu, wato tagwayen ramukan ragar gabanta, haka su kansu Jamusawan suke kiran su, sun fara fitowa ne a BMW 303 a shekarar 1933. Ka lissafa, sama da shekara 90 ke nan suna riƙe da abu ɗaya. A 328 ta 1936 dogaye ne sirara, a tsaye. A 507 ta shekarun 1950 sun kwanta sun yi faɗi. A E30, wato 3 Series da iyayenmu suka hau, sun koma 'yan ƙanana a tsakiyar baƙar raga, fitilu huɗu zagayayyu suna gadin su. Ko ka cire tambarin ka jefar, yaro ɗan firamare zai ce maka wannan BMW ce. Wannan shi ne ma'aunina: ka rufe tambari da tafin hannu, in har an gane motar, to mai zanen ya ci kuɗinsa. Ka gwada haka da motoci da yawa na yanzu ka gani, za ka rasa wace ce wace.

Inda na fi tsayawa shi ne E39, wato 5 Series ta ƙarshen shekarun 1990 zuwa 2003. Ina da ɗaya har yanzu, 530i, launin toka. Ƙodojinta a jikin bonet suke, in ka ɗaga bonet tare suke tashi. Tsayinsu bai wuce na fitilu ba, sai layin ya tafi a miƙe daga wannan gefe zuwa wancan, ido bai tuntuɓe da komai ba. Da yamma in rana ta yi ƙasa ta bugi zoben ƙarfen da ya kewaye su, wallahi sai in tsaya ina kallo kafin in buɗe ƙofa.

Ɓacin raina ya fara ne a 2019, da suka yi wa 7 Series kwaskwarima suka ƙara girman ragar da kusan kashi 40 cikin 100. Kasuwar Chaina ce babbar kasuwar wannan motar, kuma can ana son gaba mai cika ido, to sai suka bi mai saye. A 2020 kuma 4 Series ta fito da ƙodoji a tsaye har ƙasan bamba. Kamfanin ya ce komawa ya yi ga 328 ta da. Na yarda da tarihin, amma 328 doguwar fuska gare ta, siririya, tsayin ya dace da ita. Ita 4 Series a kwance take, mai faɗi. Ga kuma lambar mota da dole ta ratsa tsakiya ta raba ƙodojin biyu, kuma lambarmu ta Najeriya ta fi ta Turai tsayi daga sama zuwa ƙasa, sai ta ƙara rufe wurin.

X5 da ka gani, in ƙirar 2014 zuwa 2018 ce, ƙodojinta a rabe suke kuma girmansu daidai jikinta. Daga 2019 ne suka haɗe su cikin zobe ɗaya. Ni ta farkon nake ba ka shawara ka sake kallo.

Oga Fanel Bita ya rubuta:

Alhaji, bari in amsa maka ɓangaren aiki, masu ado su yi ta ado.

Girman raga ba shi ne sanyin inji ba. A yawancin motocin yanzu, iskar da take isa lagireto da kwandensar esi mafi yawanta ta ƙofar ƙasan bamba take shiga. Kuma a cunkoson Kano da rana tsaka, motar ba gudu take ba balle iska ta shigo da kanta, fanka ce take aikin duka. Don haka in fankarka lafiya, lagireto ba a toshe yake da laka da ƙwari ba, ruwan sanyaya inji na kirki ne ba na rijiya ba, to C300 mai ƙaramar raga da Lexus LX mai ƙatuwa duk ɗaya ne. Marufan da Mai Wanki ya ambata ma, aikinsu rufe iska ne in inji bai buƙata, don ya yi saurin ɗumi da safe kuma motar ta rage shan mai a kan titi. Ka duba motocin lantarki: BMW iX da Marsandi EQS, abin da yake gabansu faifai ne rufaffe, an bar siffar ne don a gane gidan da suka fito, a bayansa kuma kyamara da na'urori ne.

Maganar sauya fuska kuwa, ni nake yin aikin, da shi nake ci da iyalina, amma zan gaya maka gaskiya. Ba raga kaɗai ake sauyawa ba. Bamba, fitilu, maƙalan da suke riƙe su, wani lokaci har bonet da fenda. Kayan kuma kala-kala ne a kasuwa. Akwai na asali da aka ciro daga motar da ta yi haɗari a waje, akwai na kwaikwayo. Na taɓa karɓar na kwaikwayo daga hannun wani ɗan kasuwa, na ɗaura wa LX 570 ta wani bawan Allah, kwana uku ina fama ramukan noti ba su hau ba, tsakanin fitila da bamba yatsana yana shiga. Wata huɗu ya dawo, ƙyallin ya fara ɓarewa kamar fatar albasa. Kuɗina na mayar masa, tun daga ranar ba na karɓar irin kayan.

Sai babban abin da mutane ba sa lura da shi. Motocin da suke da na'urar rada, wadda take auna tazara tsakaninka da motar gaba ta kuma taka birki in ka yi sakaci, a bayan tambari take zaune. Shi ya sa za ka ga tambarin wasu Lexus da tauraron wasu Marsandi sumul yake kamar gilashi, babu tudu. In aka sa tambarin gama-gari, ko aka karkatar da na'urar ko da kaɗan ne, sai fitilar gargaɗi ta kama a dashbod, ko ta riƙa hango abin da babu. Sai an saita ta da kwamfuta.

Kuma mota ƙirar 2012 mai fuskar 2018, duk wanda ya san mota daga gefe zai gane ta, don ƙofofi da gilasai ba su canza ba. In fuskar 2016 ba ta yi maka ba, akwai ta 2013 zuwa 2015. Tana da tsukewar nan amma kaɗan, kuma bamba ta ratsa tsakiya ta raba sama da ƙasa. Kamfani ne ya yi ta haka, ba mu ba.

Dattijon Tudun Wada ya rubuta:

Ɗana Ɗan Gwammaja, Allah ya sa a saya a sa'a. Na yi tuƙi a ma'aikata shekara talatin kafin in yi ritaya, Marsandi kuma tun daga 200 mai zagayayyun fitilu har Bi-but na riƙe sitiyarinsu.

Abin da zuciyarka ta ƙi ba son rai ba ne kawai. Idonka ya saba da gidan da ya san fuska biyu gare shi kuma bai haɗa su ba. Ta farko ita ce ta manya: raga a tsaye mai sirara-siraran sanduna, tauraro a kan bonet. Asalinta lagireto ne tsirara. Marsandi ta farko, ta shekarar 1900, injiniya Wilhelm Maybach ya yi mata lagireto mai ƙananan bututu sama da 8,000 kamar saƙar zuma, daga baya aka zo aka yi masa raga don kariya, siffar ta zauna. Ta biyu ita ce ta gudu: babban tauraro a tsakiya da sanda a kwance, wadda 300 SL ta 1954 ta zo da ita. Taka C300 tana cikin zubin da ya fito a 2007, inda aka ba mai saye zaɓi tsakanin fuskokin biyu a mota ɗaya. Matasa suka rungumi ta tsakiya, har ta kusa kore ɗayar.

Ni kam ta kan bonet nake so, kuma dalilina na direba ne. In kana zaune a kujera kana hango tauraron a gabanka, da shi kake auna bakin titi, da shi kake sanin inda hancin motar ya ƙare. Daga Kaduna zuwa Maiduguri yana gabanka kamar abokin tafiya. Mai tauraro a raga, mutanen waje ne suke ganin nasa, shi ba ya gani.

Mai sanduna a tsaye da yara suke ɗaurawa yanzu a kan kowace C da GLK, sunanta Panamericana. Ta samo sunan daga tseren da aka yi a Meziko a 1952, sama da kilomita 3,000, wanda Karl Kling da Hans Klenk suka ci da 300 SL duk da ungulu ta fasa musu gilashin gaba a hanya. An dawo da ita ne don motocin AMG, sashen Marsandi na motocin gudu. In ka ɗora ta a kan mai ƙaramin inji, ka sa wa doki kayan da ba nasa ba.

Amma in ana maganar fuska tsantsa, a ajiye kuɗi a gefe, Rolls-Royce ce. An kwaikwayi gaban wani tsohon gini ne na birnin Rum mai ginshiƙai, Pantheon. Da can da hannu ake ƙera ta, kuma maƙeran sukan ɗan lanƙwasa layukan kaɗan don ido ya gan su a miƙe. 'Yar mutum-mutumin da take samanta tun 1911 take nan. Duk wanda ya taɓa ganin tsohuwar Rolls ta fadar Kano ta fito, a hankali, dogarai a gefe, ya san raga tana iya yin girma ba tare da ta yi ihu ba. Bentley kuma saƙar waya ce, gadon motocinsu na tseren Le Mans a shekarun 1920, lokacin da ake sa waya don kare lagireto daga tsakuwa.

Hajiyar Barnawa ta rubuta:

Baba, a gafarce ni, zan ɗan saɓa muku, don na ga an taru a kan Lexus.

RX 2017 nake hawa, fara, shekara uku ke nan. Da farko ni ma fuskar ta yi mini yawa. Abin da ya sauya mini ra'ayi shi ne wata rana a hanyar Abuja na hango LX 570 a madubi tana tahowa daga nesa, tun ban ga tambari ba na san ko wace ce. Ai ma'aunin da Masoyin Bimma ya kawo ke nan, kuma Lexus ta ci shi. Ku tuna RX 330 da ES 350 na farko. Motoci ne masu kyau, amma fuskarsu ba ta da bambanci da ta Camry ko Highlander in ba ka matso ba. Kamfanin da aka kafa a 1989 ba shi da kakan da zai gada kamar Marsandi, dole ya ƙirƙiri nasa, kuma da GS ta 2012 ya fito da wannan siffar sosai.

Sunan da suka ba ta ma'anarsa mazari, irin na kaɗin auduga, kuma gidan Toyota da injin saƙa ya fara kafin mota. Ni dai da na kalle ta kalangu nake gani, faɗi sama, faɗi ƙasa, tsukakken ƙugu. Tun da na gan ta haka na daina jin ta baƙuwa.

Malam Ɗan Gwammaja, wadda ka gani baƙa ce F Sport, raga baƙa a jiki baƙi, sai duk gaban ya zama rami ɗaya. Ka nemi fara ko ruwan azurfa wadda ba F Sport ba, mai sanduna a kwance, ka sake dubawa kafin ka yanke hukunci.

Kuma ba wanda ya yi wa Audi adalci a nan. Su ne suka haɗe ragar sama da ta ƙasa cikin zobe ɗaya tun 2004, a A8 mai silinda 12 da A6, sauran duk bayansu suka bi. Tasu a natse take, layukanta a miƙe, zobba huɗun nan kuma na kamfanoni huɗu ne da suka haɗe a 1932. Matsalarta ɗaya, A4 da A6 da A8 sai ka ƙura ido kafin ka bambance su.

Ɗan Gwammaja ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, maganar tauraron kan bonet ta shige ni, ban taɓa tunanin mai motar ba ya ganin nasa ba sai yau.

Sauya fuska dai na ajiye shi, Oga ya gama da wannan. Jiya da daddare na koma da tocila kamar yadda Mai Wanki ya ce, na kuwa tarar da ramukan a toshe, har na kira Yaya ya sa yatsa da kansa. Hajiya, na ji shawararki, dillalin ya ce akwai fara mai sanduna a kwance da za ta iso daga Kwatano cikin makon nan, zan je in gan ta da rana ba da yamma ba. Akwai kuma RX 2015 da wata Marsandi ML 350 a wani wurin, su ma zan tsaya gabansu taku uku in ji abin da raina zai ce.

Oga Fanel Bita, tambaya ɗaya ta rage. In na je, ta yaya zan gane ko fuskar da take jikin motar ita ce ta kamfani ko an taɓa sauya ta? Ina zan fara haskawa, cikin bonet ko ƙarƙashin bamba?